Tsakanin takardar gurbi da ƙofar aji: Wa zai riƙe hannun ɗan manomin Ambursa?

Wata Asabar da la'asar sakaliya ina zaune a zauren gidana a Ambursa, sai wani maƙwabcina ya yi sallama. Dattijo ne, manomin shinkafa a fadama, mun fi shekara 30 muna salla a sahu ɗaya. Bayan mun gaisa, ya zaro wata takarda daga aljihun rigarsa ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Malam, duba min wagga. Ɗiyata ta ce jami'a ta ɗauke ta. To, mi ya rage?"

Takardar samun gurbin karatu ce. Na taya shi murna, sannan na shiga lissafa masa abin da ya rage: kuɗin amsa tayin gurbi, kuɗin rajista, kuɗin ɗakin kwana, gwajin asibiti, kuɗin mota, katifa da bokiti da risho, da ɗan abin da yarinya za ta ci kafin wata ya ƙare. Ina faɗa yana ƙirgawa da yatsu, har yatsun suka ƙare. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Shinkafata ba ta kai yanka sai nan da wata biyu. Su mako nawa suka ba da?" Na ce masa uku.

Shekaruna da yawa ina koyarwa a makarantar sakandare, kuma da yake an san ina ɗan taɓa kwamfuta, duk shekara irin waɗannan takardu sukan biyo ta zaurena. Abin da na lura da shi, wanda ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne cewa yawancin 'ya'yanmu da ke rasa jami'a ba a zauren jarrabawa suke faɗuwa ba. Suna faɗuwa ne a 'yan makonnin da ke tsakanin ranar da takardar gurbi ta fito da ranar da za a rufe rajista. Hanyoyin tallafi suna nan, sun ma fi na da yawa, amma kusan dukkansu sai ɗalibi ya shiga aji suke fara ganinsa.

Ina da dalilin jin tsoro a ranar. A 2023 wani tsohon ɗalibina, yaro mai kaifin basira a lissafi, ya sami gurbin karanta aikin injiniya. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ƙuli-ƙuli take sayarwa. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa halin da yake ciki, ni kuma sakaci ya hana ni bibiyarsa. Da na ji labari, an riga an rufe rajista. Yau kabu-kabu yake yi a Birnin Kebbi, kuma duk sa'ad da ya hango ni a bakin hanya sai ya tsaya ya ce, "Malam, hau in kai ka." Ba ya karɓar kuɗina. Ni kuwa ban taɓa sauka daga babur ɗinsa da sanyin zuciya ba.

Makaranta ta matso, tsada ta biyo ta

Sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, ba mu da jami'a ko ɗaya. Mai son digiri sai ya nufi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Zariya, ko Kano. Yanzu akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta 2013, da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru ta 2020. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Ɗan Ambursa, da yake garinmu na kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, yana iya karyawa a gida ya tarar da lacca a ɗaya daga cikin garuruwan biyu.

Sai dai tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, lissafin kowane gida ya sauya. Kuɗin mota ya ninka, man da manomin rani ke zuba wa injin ban-ruwa ya ninka, taki ma bai tsaya baya ba. A wannan shekarar kuma jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. Manomi kuwa albashinsa sau ɗaya ko sau biyu yake zuwa a shekara, a kakar damina da ta rani, in ambaliya irin ta 2020 ba ta kwashe ba. Kalandar jami'a ba ta san da kalandar fadama ba.

Ƙofa ta farko: kyauta

Shawarar da nake ba kowane ɗalibi ita ce ya fara neman abin da ba za a ce ya biya ba. Akwai hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Kebbi, wadda ke kula da ɗalibai 'yan asalin jiha. Duk wanda zai nemi irin wannan tallafi, ya tanadi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukumarsa tun kafin a yi sanarwa, ya adana takardar gurbinsa da rasidan duk abin da ya biya, ya kuma shiga ƙungiyar ɗalibai 'yan jiha a makarantarsa, domin ta can labari ya fi saurin isowa.

Akwai Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, wadda ke zaɓen ɗalibai ta hanyar jarrabawa da kyawun sakamako, galibi waɗanda suka gama shekarar farko. Akwai asusun PTDF ga masu karanta fannonin da suka shafi man fetur da iskar gas, irin su injiniya da ilimin sanin ƙasa da ma'adinai. Kamfanoni kamar NLNG da Gidauniyar MTN su ma suna da nasu shirye-shiryen, kowanne da sharuɗɗansa. Na sha jin iyaye suna cewa a nema wa ɗansu kuɗin TETFund. A sani cewa aikin wannan asusu gina azuzuwa ne da ɗakunan gwaje-gwaje da tura malaman makarantun gaba da sakandare ƙaro ilimi, ba biya wa sabon ɗalibi rajista ba. Shirin nan na musayar gurabe da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya kuma, gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da shi a 2025.

Waɗannan ƙofofi na gaske ne, amma ƙunci gare su. Masu nema sun fi gurabe yawa nesa ba kusa ba, kuma mafi yawansu lambar ɗalibta suke tambaya, ko sakamakon zangon da ya gabata. Ɗiyar maƙwabcina ba ta da ko ɗaya a ranar da mahaifinta ya shigo zaurena.

Ƙofa ta biyu: rance

Babban abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne asusun ba ɗalibai rance na ƙasa, wato NELFUND. Shugaba Bola Tinubu ya fara sa hannu a dokarsa a watan Yunin 2023, sai aka ga sharuɗɗanta sun yi tsauri: dole kuɗin shigar gidansu ɗalibi ya gaza Naira 500,000 a shekara, kuma ya kawo masu tsaya masa mutum biyu daga cikin manyan ma'aikata da makamantansu. Ina ɗan manomi zai samo su? Aka soke wannan doka, aka yi sabuwa wadda aka sa wa hannu ranar 3 ga Afrilu, 2024, aka cire waɗancan sharuɗɗa biyu. Ranar 24 ga Mayu na wannan shekara aka buɗe shafin neman rancen a intanet.

Tsarin a taƙaice shi ne: rancen na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi, jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura shi asusun makarantar, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Wanda ya nemi kuɗin ɗawainiya kuma, ana tura masa Naira 20,000 a wata. Abin da ake buƙata shi ne lambar JAMB, da lambar katin ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN, da shaidar cewa makaranta ta ɗauke shi. Neman kyauta ne, don haka duk wanda ya ce a ba shi na goro zai sa a amince, maƙaryaci ne. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wanda bai sami aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa, wanda ya rasu kuma an yafe masa.

Tambayar da dattawa suka fi yi mini ita ce ko akwai riba a ciki. Doka ta ce babu kuɗin ruwa: abin da aka ci, shi za a biya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya kai wa malaminsa sharuɗɗan a rubuce ya nemi fatawa, maimakon ya dogara da jita-jitar majalisa.

Amma rance sunansa bashi, kuma ya kamata yaro ya san nauyin abin da zai ɗauka. Bari mu yi misali. A ce kuɗin makarantar ɗalibi Naira 100,000 ne a shekara, ya kuma karɓi kuɗin ɗawainiya na wata 10 kowace shekara. A shekara huɗu ya ci Naira 1,200,000. In ya sami aiki a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, za a riƙa cire masa Naira 7,000 a wata, wato zai haura shekara 14 yana biya. Wannan bai kai a gudu ba, ganin cewa bashin ba ya haihuwa. Ya dai isa ya sa wanda gidansu ke iya ciyar da shi ya karɓi na makaranta kaɗai, ya bar na ɗawainiya. A ɗaya gefen kuma, Naira 20,000 in an raba ta kwana 30 ba ta kai Naira 700 a yini ba. Tallafi ce ga garin da uwa ta ƙullo a buhu, ba ta maye gurbinsa.

Mu mutanen Kebbi muna da darasi a kan bashin gwamnati wanda bai kamata mu manta ba. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoma rance, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers, a watan Nuwamban 2015. Shirin ya ɗaga sunan shinkafarmu a duk faɗin ƙasa. Amma a jihohi da dama mutane da yawa sun ɗauki kuɗin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, ba su mayar ba, har shirin ya durƙushe. Kafin wannan, hukumar ba ɗalibai rance da aka kafa a 1972 ita ma rashin biya na cikin abin da ya kashe ta, bankin ilimi da aka yi wa doka a 1993 kuma bai yi wani tasiri ba. Ƙasar Kenya tana da irin wannan hukuma tun 1995, Ostireliya kuma tun 1989 take cire wa waɗanda suka gama karatu kaso daga abin da suke samu, kuma abin da ya riƙe tsarin a can shi ne ana biya. Wanda ya ci ya ƙi biya, ƙanensa ya rufe wa ƙofa.

Hukuma ma da nata alhakin. A 2025 an yi ta ƙorafi a ƙasar nan cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ɗalibansu daga asusun ba su sanar da su ba, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Don haka ɗalibi ya riƙa duba shafinsa, in ya ga an biya masa alhali ya riga ya biya da kansa, ya rubuta takarda ya nemi a mayar masa da kuɗinsa.

Giɓin da ya rage

A nan ne maganar ta dawo zaurena. Kafin a amince da rancen ɗalibi, sai makarantarsa ta tura bayanansa, sai an tantance shi, kuma tantancewa tana ɗaukar lokaci. Ranar rufe rajista kuwa ba ta jira. Ko da komai ya tafi daidai, babu asusun da zai biya kuɗin motar farko, ko katifa, ko abincin watan farko. Saboda haka mai hali yakan biya tukuna, ya jira a mayar masa. Marar hali fa?

Marar hali abu uku yake yi. Ko ya sayar da akuyar matarsa da ragon layya a kan farashin da dillali ya ga dama. Ko ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa a kan zai biya da shinkafa in kaka ta yi, a farashin da aka yanke tun shinkafar tana tsaye, wanda sau da yawa ya fi kuɗin ruwan banki ciwo. Ko kuma ya ninke takardar ya sa ƙarƙashin katifa ya ce Allah bai yi ba. In gida yana da namiji da mace da suka sami gurbi a shekara ɗaya, kowa ya san takardar wa ake fara ninkewa.

Ƙofa ta uku: mu kanmu

Wannan giɓi bai fi ƙarfinmu ba, domin kuɗin da ake nema ba su da yawa, kuma na ɗan lokaci ne. Al'ummar da ta san gayya a gona da adashi a cikin gida ba sai an koya mata haɗa hannu ba. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawarata ita ce kowane gari a wannan kwari na Rima, daga Ambursa har Argungu, ya kafa asusun rancen shiga makaranta. A ce manoma 200 ne suka yarda kowa ya ba da buhu ɗaya na shanshera a kaka. An sami buhu 200 ke nan. A adana, a sayar lokacin da farashi ya tashi, a sa kuɗin a asusun banki mai sa hannun mutum uku: wakilin hakimi ko dagaci, da wakilin limamai, da wakiliyar mata. Aikin asusun guda ɗaya ne: duk yaron da ya kawo takardar gurbi ta gaskiya, a biya masa kuɗin shiga kai tsaye ga makaranta, a ba shi na mota da na watan farko, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Sharaɗi shi ne ya nemi rancen gwamnati da tallafin jiha da zarar ya shiga, ya mayar wa asusun gari da nasa in an maido masa, ko mahaifinsa ya biya in ya yi girbi. Ta haka kuɗi ɗaya zai shigar da yaro bana, ya shigar da wani baɗi. A karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a sau biyu a shekara, domin abin da ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne zargi.

Marayu da waɗanda ba su da yadda za su biya, nasu ya fito daga zakka. Shinkafa tana cikin amfanin gonar da ake fitar wa zakka in ta kai nisabi: kashi 10 cikin 100 ga abin da ruwan sama ya shayar, kashi 5 ga abin da aka shayar da inji. Ɗalibi matalauci yana cikin matalauta. Sai dai zakka mallaka wa mai ita ake yi, ba a ba da ita rance, don haka a raba asusun biyu, malamai su tsara yadda za a yi. Maƙwabtanmu na Sakkwato suna da hukumar zakka da wakafi da za a iya koyi da ita. Wakafi kuwa ba baƙon abu ba ne a tarihin ilimi: wata baiwar Allah, Fatima al-Fihri, ita ta kafa masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas na Maroko a shekarar 859 da dukiyar gadonta, ya zama cibiyar ilimi har yau, kuma wakafi ne ya ciyar da ɗaliban Azhar a Masar ɗaruruwan shekaru. A ƙasar da Malam Abdullahi na Gwandu ya ƙarar da rayuwarsa yana karantarwa da rubutu, bai kamata a rasa attajirin da zai yi wakafin gona ɗaya ko shago ɗaya don ɗalibai ba. Manyan masana'antun gyaran shinkafa da ke Birnin Kebbi da Argungu, waɗanda da gumin iyayen yaran nan suke aiki, su ma a je musu da takarda a rubuce.

Akwai kuma taimakon da ba ya cin ko sisi. Mu da muka yi karatu, mu ware yini biyu bayan fitowar sunaye mu zauna a makarantar firamare da kwamfuta, mu taya yara cike takardu. Na ga yaran da neman tallafinsu ya tsaya don kawai sunan da ke kan NIN ya saɓa da na JAMB, an rubuta Muhammadu a nan, Mohammed a can, ko ranar haihuwa ta bambanta. Gyaran yana yiwuwa, amma yana cin makonni, don haka tun yaro yana ajin ƙarshe na sakandare ya kamata a duba.

Ga jami'o'inmu kuma roƙona kaɗan ne: su bar sabon ɗalibi ya biya rajista kashi biyu, su kuma bar wanda ya nuna shaidar ya nemi rance ya fara shiga aji kafin kuɗin su iso.

Maƙwabcina dai bai sayar da shinkafarsa tana tsaye ba. A daren nan bayan sallar isha'i na tsayar da mutum shida a ƙofar masallaci, na gaya musu abin da ake ciki. Wani ya ce shi ba ya da kuɗi amma yana da katifar ɗansa da ya gama karatu. Wani direba ya ce kai yarinyar da kayanta a wuyansa. Sauran muka haɗa abin da ya sawwaƙa, muka rubuta a takarda, kowa ya sa hannu. Kwana huɗu kafin a rufe rajista aka biya. Ta nemi rancen bayan ta fara karatu, kuma ta samu.

Da ya yi girbi ya bi mu gida-gida ya biya kowa. Bayan nan sai ga shi da buhu ɗaya a kan amalanke har ƙofar zaurena. Na ce, "Alhaji, ai ka gama biya." Ya ce, "Wanga ba naka ba ne, Malam. Ka aje wa ɗiyan wani."

Buhun yana nan a zaure. Sunayen bana sun kusa fitowa, kuma buhu ɗaya ba zai isa ba. Allah Ya ba mu ikon cika sauran.